Yadda muka tada injin watsa takin da kacarsa ta tsinke ana gab da damina

Injin irin mai akwati ne da tarakta ke ja, tsoho ƙirar Amurka wanda aka shigo dashi na hannu, yana aiki a wata gona dake hanyar Zariya zuwa Funtuwa inda ake kiwon shanun madara da na turka, da damina kuma a noma masara da waken suya. Saƙon da aka aiko min gajere ne, wai kaca ta tsinke, in zo da injin walda in ɗinke musu su ci gaba da aiki. Watan Maris ne lokacin, kuma Alhaji mai gonar yana so takin da shanunsa suka tara tun kaka ya gama shiga fili kafin ruwan farko. Ni sana'ata gyaran tarakta ce da kayan da take ja, kuma tun kafin in isa na san kacar irin wannan injin bata tsinkewa haka kawai, in ta tsinke to akwai abin da ya daɗe yana cin ta.

Gaggawar Alhaji tana da dalili. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, shi kuwa busasshen kashin shanu in ka samu wajen kilo 10 zuwa 15 a tan guda ka gode Allah, shi yasa taki ba abin barbaɗawa bane, tan-tan ake zuba shi a kowace hekta. Mai ƙaramar gona zai kai da jaki da mangala ko amalanke ya tsuga tsibi-tsibi ya baza da shebur, haka ake yi a karkarar Kano tun kaka da kakanni kuma yana aiki. Amma wanda keda hekta gommai, ga takin zamani ya yi tsadar da kowa ya sani tun daga 2022, in injin nan ya kwanta to ko dai ya ɗauki leburori da yawa ko kuma takin ya kwana a garke ruwa ya wanke amfaninsa.

Bari in ɗan bayyana yadda yake aiki don wanda bai taɓa leƙa cikinsa ba. Akwati ne dogo mai daɓen katako, a kan daɓen akwai kaca guda biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, an haɗa su da ƙarafan angul a gicciye, su ne ke jan takin a hankali zuwa baya. A bayan akwai wani shaf mai fukafukai da yake juyawa da gudu yana dagargaza takin yana jefa shi. Ƙarfin duka daga PTO ɗin tarakta yake zuwa, wato ɗan sandan ƙarfen da ke juyawa a bayanta, juyi 540 a minti, ya bi doguwar furofela, sandar ƙarfen da ke haɗa tarakta da injin, zuwa giyabos na baya, daga nan ya rabu biyu, mai fukafukan ya samu gudu, kacar daɓe kuma ta samu tafiyar hawainiya ta hanyar wani faifai mai haƙora da harshen ƙarfe ke turawa haƙori ɗaya ko biyu ko uku a kowane bugu, kamar dai firiwil ɗin keke, da wani harshen na biyu da yake hana shi komawa baya. Tsarin ya haura shekara ɗari. Wani malamin makaranta mai suna Joseph Oppenheim a garin Maria Stein na jihar Ohio shi ya kafa ɗan shagonsa a 1899 yana ƙera irinsa da fukafukai a karkace don takin ya bazu da faɗi, daga nan kamfanin New Idea ya samo asali. Shi yasa nake son injin nan, babu kwamfuta babu waya, duk abin da ya lalace kana ganinsa da ido. Sai dai an ƙera shi ne don takin can, jiƙaƙƙe mai haɗe da ciyawar shimfiɗa, su babbar damuwarsu ƙanƙara ta daskarar da kaca a hunturu. Namu busasshe ne, cike da yashi da tsakuwa da igiyar ɗaure shanu da leda, wani lokacin har ƙashi da guntun turke.

Da na duba, kacar dama ce ta rabu, kuma kusa da inda ta rabu na ga tsofaffin ɗinkin walda har wuri uku, wato an saba. Ban taɓa injin walda ba, tef na ɗauko. Kacar tana da lamba 667X, tsakanin fin da fin, wato ƙusoshin da ke haɗa gaɓa da gaɓa, inci 2.25 ne a sabuwarta, kenan gaɓa 20 ya kamata su bada milimita 1143. Muka ja ta hagu muka miƙar muka auna, 1172. Ta dama 1190. Mu a wajenmu in kaca ta ƙaru da kashi 3 cikin ɗari ta gama aiki, ta hagun tana bakin layi ta daman ta wuce da nisa. Kuma ba ƙarfen ne ya miƙe ba, yashi ne ya shiga tsakanin kowane fin da raminsa ya goge su kaɗan kaɗan, in ka zaro fin ɗaya zaka ga ya yi ƙugu a tsakiya. Bambancin milimita 18 a gaɓa 20 zaka ce ba komai bane, amma kacar gaba ɗaya tana da gaɓa wajen 170, lissafa ka gani, kusan santimita 15 ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. To ta yaya angul ɗin da ke tsakaninsu zai tafi a miƙe? Mai sako-sakon tana hawa kan haƙorin sufuraket, wato giyar da kacar ke zagayawa a kai, ta tsallake ɗaya, angul ya karkace, kuma daga ranar duk jan da ake yi a karkace ake yinsa.

Sufuraket ɗin bayan su ma haƙoransu sun kwanta gefe guda sun yi ƙugiya. Daɓen kuma, da aka kwashe sauran takin da ke ciki, sai ga katako biyu sun ruɓe a daidai inda noti ya ɗaure su, bakin ɗaya ya ɗago sama kamar yatsa biyu. Nan karkataccen angul ɗin ya zo ya cije. Akwai sabon rauni a bakin katakon, angul ɗin kuma ya lanƙwashe ya zama baka.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Injin nan an yi masa wurin da zai karye da gangan in abu ya cije, ƙaramin noti ne mai laushi a bakin furofela inda ta haɗu da shaf ɗin injin, aikinsa kenan ya guntule ya raba tarakta da inji kafin abu mai tsada ya lalace. In da yana nan yadda aka ƙera shi, ranar da angul ya cije notin ne zai tafi, direba ya sauko ya duba, shikenan. Da na goge wurin sai na ga an faɗaɗa ramin da dirila an zura wani baƙin noti mai kauri, a kansa an rubuta 12.9. Na kira direban, dattijo ne da ya girme ni sosai kuma ya daɗe a kan tarakta, nace Baba wannan fa daga ina? Yace ɗana wannan na kan injin wata tsohuwar mota ne, ni na sa a saka, don wancan na asalin kullum sai ya karye, in na fita da safe kafin azahar na canja shi ya fi a ƙirga, Alhaji kuma yana ganin wasa nake. Wallahi ban ga laifinsa sosai ba, mutum ne da aka ba aiki aka ce ya gama, kuma ba wanda ya taɓa zaunar dashi ya ce masa karyewar notin nan magana ce injin yake yi masa. Sai na nuna masa kan notina daban-daban. Na milimita lamba ake rubutawa, 4.6 da 5.8 masu laushi ne, 8.8 matsakaici, 10.9 da 12.9 masu tauri sosai. Na inci irin na Amurka kuma layuka ne a kai, wanda babu layi shi ne mai laushi, layi uku matsakaici, layi shida mai tauri. Wanda ya fito da injin, da muka samu guntunsa a akwatin kayan aiki, kansa babu layi ko ɗaya. Kaga an cire mafi laushi an sa mafi tauri kuma an ƙara kauri, ƙarfin tarakta mai doki saba'in da wani abu ya rasa inda zai tsaya sai ya bi ta giyabos ya sauka kan faifai mai haƙora ya ɓantare masa haƙori biyu, ya murɗe ki ɗin shaf ɗin baya, wato ɗan guntun ƙarfen da ke kulle sufuraket da shaf, sannan ya tsinke kaca.

Sai tambaya ta gaba, me yasa na asalin yake ta karyewa tun farko? Na sa hannu zan juya shaf mai fukafukai, wanda ya kamata yaro ma ya iya juya shi in an cire ƙaramar kacar da ke jansa, sai da na sa ƙafa na taka kafin ya motsa. Duka bakinsa biyu igiya ce da leda da zaren buhu sun nannaɗe sun yi tauri, zafi ya narkar da ledar ta zama dunƙule ɗaya, sai da kurfi da wuƙa muka sassaƙe. A ƙarƙashi sil ɗin boris ya cinye, yashi ya shiga, boris ɗin dama ya mutu ƙwallayensa sun zama gari. Na hagun kuma wani ya taɓa canja shi, amma shaf ɗin inci ɗaya da rabi ne, wato milimita 38.1, shi kuma ya sayo UC208 mai ramin milimita 40 ya cike gibin da yankakken gwangwani. Gwangwanin ya daɗe da narkewa, shaf yana ta rawa a ciki har ya ci kansa. Wannan abu yana yawan faruwa da injinan Amurka a wajenmu don kasuwa ta fi cika da na milimita. Wanda ya dace shi ne UC208-24, lambar bayan ɗan layin nan tana nufin kashi 24 cikin 16 na inci, wato ɗaya da rabi kenan. In shaf ɗinka inci ɗaya da kwata ne sai ka nemi mai 20 a ƙarshe. In ka je shago ka ce 208 kawai, na milimita za a miƙo maka. Ga kuma fukafukai, wasu sun fita gaba ɗaya wasu sun goge sun zama rabi, don haka shaf ɗin gefe ɗaya ya fi nauyi, in yana gudu duk injin girgiza yake. Notin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Da na zayyana wa Alhaji sai ya yi shiru, sannan yace toh Injiniya naji, a sayi kacar dama sabuwa tunda ita ce ta mutu, ta hagu ai kace bata kai ba. Nace ranka ya daɗe in aka yi haka bambancin da yake milimita 18 yanzu zai koma 29, sabuwa 1143 tsohuwa 1172, mun ƙara ciwon kenan da kuɗinmu. Kuma in aka ɗora sabuwar kaca kan sufuraket mai ƙugiya, kafin damina ta fita ya koya mata tafiyar tsohuwa. Ko dai a canja kaca biyu da sufuraket biyu tare, ko kuma in ɗinke masa da walda yanzu in faɗa masa gaskiya cewa gaɓar da aka yi wa walda zafi ya kashe taurinta, gefen ɗinkin zata sake rabuwa, wataƙila da kaya cike a tsakiyar fili, kuma kwashe tan uku na taki da shebur daga cikin akwati ba ƙaramin aiki bane. Mun ɗan ja, don kuɗin ba kaɗan bane kuma mutumin yana da albashin ma'aikata da abincin shanu a kansa a lokacin da ciyawa ta ƙare. Daga ƙarshe ya yarda. An zaga kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano, boris da sil da ƙarafa duk an samu, kaca mai wannan lambar ce bamu ci karo da ita ba a lokacin, sai wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan injina ya yi mana odarta tare da sufuraket ɗinta. Kafin ta iso muka shiga sauran aikin.

Farko wanki. Na dage a kan wannan don busasshen taki da ya maƙale a lungu yana kama wuta daga tartsatsin walda, kuma baya ci da harshe, yana cin ciki ne shiru sai dare ya yi kowa ya tafi. An cire injin daga jikin tarakta gaba ɗaya, an ɗora shi kan kututture masu kauri ba kan jak kaɗai ba, an kankare an wanke an bar shi ya bushe. Yarana kuma na sa kowa ya sa safar hannu, wanda bai yi allurar tetanus ba na tura shi asibiti ya yi, don ƙwayar cutar nan a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, ga tsatsa ga ƙarfe mai kaifi ko ta ina, ɗan yanka kaɗan ya isa.

Da aka ɗaga katakan sai ainihin ɓarnar ta fito. Ƙarafan da ke gicciye ƙarƙashin daɓe, inda ruwan taki da fitsari ke taruwa tsakanin katako da ƙarfe, sun ruɓe daga sama. In ka kalle su daga ƙasa lafiya lau har da fenti, in ka buga guduma sai ka ji sautin ya mutu, wani wurin ma kan gudumar ya shige. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma da alli, inda ya yi ƙara mai kyau na bari, inda ya yi bif na zagaye. Uku na baya muka yanke gaba ɗaya muka sa sabon ƙarfen canel, sauran muka yi musu faci. Abin da nake roƙon masu walda a nan, kar a ɗora faci kan tsatsa. Walda bata kama tsatsa, zata yi kyau a ido amma a ciki duk ramuka ne, kuma ruwa zai shiga tsakanin facin da tsohon ƙarfen ya ci gaba da ci. A yanke har sai an kai ƙarfe mai haske mai kaurinsa na asali, a goge da garanda, sannan a haɗa. Kafin mu yanke komai mun auna akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu muka ɗaure shi da ƙarfe na wucin gadi, don in ka cire ƙarafa uku lokaci ɗaya bangon zai buɗe ko ya murɗe, kuma in akwati ya murɗe ko sabuwar kaca bazata tafi daidai ba. A bangon da yake siriri ilektorod, wato sandar walda, mai lamba 6013 muka yi amfani dashi, a firam da wajen da yake ɗaukar nauyi 7018, shi kuma wannan baya son danshi ko kaɗan, sabon kwali muka buɗe.

Daɓen mun sa katakon maɗaci busasshe, a tsaye bin tsawon akwatin yadda angul zai zame a kai, ba gaɓa a tsakiya. Notin masu kai mai santsi muka sa aka ɗan nutsar dasu cikin katakon don kar komai ya tsaya sama. Mun bar ɗan gibi kamar kaurin tsinken ashana biyu tsakanin katako da katako, saboda katakon da aka ɗaure a watan Afrilu yana bushe ƙarau, in damina ta sauka zai kumbura, in bai samu wurin buɗewa ba sai ya yi tozo ya ɗago, mu koma gidan jiya. Saman ƙarafan gicciye mun shafa jan fenti da kwalta kafin a ɗora katako. Baƙin mai an shafa a katakon amma kaɗan, bana son a yi ta kwarara shi don ƙarshenta gona zai tafi.

Faifai mai haƙoran nan shi ya fi cin lokaci. Da na taɓa shi da garanda sai tartsatsin ya fito gajere ja-ja baya nisa, na san kas ne, ƙarfen zubi, kuma kas in ka sa masa ilektorod na yau da kullum zai yi kamar ya kama, yana hucewa kaji ƙas, ya tsage a gefen waldar. Mun samo ilektorod na nikel, tsada gare shi amma guda kaɗan ake buƙata. Na kwafi siffar lafiyayyen haƙori a jikin ɗan faranti na yanke ya zama ma'auni. Aka hura gawayi aka gasa faifan gaba ɗaya a hankali har ya yi zafi ko'ina daidai, sannan na riƙa ɗora walda gajere gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, ina tsayawa ina dandaƙa ta da kan ƙaramar guduma tun tana da zafi don ta saki jiki, in koma ɗaya haƙorin, in dawo. Da aka gama muka binne shi cikin toka mai zafi da yashi muka bar shi ya kwana ya huce da kansa. Yaron da ke taya ni ya so ya zuba masa ruwa don mu yi sauri, nace kul. Washegari na bi da garanda da fayil ina gwadawa da ma'aunin har haƙoran biyu suka yi daidai da 'yan uwansu. Harsunan biyu bakinsu ya dakushe ya yi zagaye, shi yasa wani lokacin suke zamewa su tsallake, su ƙarfe ne na gaske don haka an cike su da walda mai tauri an fiƙe, an sa sababbin sifirin. Shaf ɗin baya da na fukafukai mai tana, wato mai injin feƙe ƙarfe, ya karɓa, ya cike inda ya cinye ya mayar dashi inci ɗaya da rabi cif, ya yanka sabon ramin ki a wani gefen daban. Bakin furofelar da aka faɗaɗa shi ma ya cike ramin ya sake huda shi daidai kaurin notin asali, don rami in ya yi faɗi ko ya yi ƙwai, notin yana wasa a ciki yana shan duka, ko ba lodi zai karye.

Fukafukan mun yanko su daga faranti mai kaurin milimita 8, duka sababbi, don in ka haɗa sabo da rabin tsoho nauyi bazai daidaita ba. Kowanne an ɗora shi a sikeli, aka haɗa masu nauyi ɗaya su fuskanci juna. Kusurwar da kowanne ke kallo mun kwafa daga mazaunin tsofaffin, na hagu suna jefawa hagu na dama suna jefawa dama, in ka juya su duk takin zai taru a layi ɗaya a bayanka. Bayan an ɗaura shaf ɗin kan sababbin boris, kafin a sa masa kaca, sai a juya shi da hannu a bar shi ya tsaya da kansa a yi alama da alli a ƙasa. In kullum wuri ɗaya yake tsayawa to nan ne mai nauyi, sai a ɗan ɗiga walda a ɗaya gefen ko a ƙara washa. Muka yi ta yi har ya zama yana tsayawa duk inda ya ga dama. Na kuma yanka faifan ƙarfe guda biyu na sa a bakin shaf ɗin gaban kowane boris don igiya ta tsaya a nan kar ta kai ga sil.

Kaca ta iso cikin Afrilu, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yammaci. Tun kafin mu cire tsohuwar na yi alamar inda bakin gaɓoɓinta ke kallo, sabuwar haka muka sa ta, duka biyun fuska ɗaya. An ƙirga gaɓa an tabbatar hagu da dama adadinsu ɗaya. Sufuraket biyun baya dole haƙoransu su kasance a layi ɗaya a kan shaf, mun ɗora doguwar sanda a kai mun duba kafin a ɗaure ki. Angul ɗin da suka lanƙwashe kaɗan an miƙar, waɗanda suka yi baka an canja, kuma kowanne ana ƙirga gaɓa tsakaninsa da na gabansa a ɓangare biyun, don kuskuren gaɓa ɗaya ya isa ya dawo da karkatar da muka gudu. Ɗaurin kacar daga gaba ake yi da dogayen noti biyu, a juya na hagu kaɗan a juya na dama kaɗan, ana auna tsawon zaren da ya fito. Ba a ɗaure ta tamau, in ka kama angul a tsakiyar akwati ya kamata ya ɗan ɗago daga daɓe, amma kuma ta ƙasa kar ta yi lilo har ta taɓa gatari. Giyabos an zubar da abin da ke ciki, wanda ya fi kama da kunu saboda ruwa da ƙura, an wanke da gas an canja sil an zuba man giya mai lamba 90. Furofela kuma bata da murfi ko kaɗan, na sa aka yi mata na bututun roba mai kauri, juyi 540 a minti tara kenan a daƙiƙa ɗaya, in ta kama bakin riga ko rawani babu wanda zai iya kai hannu ya kashe kafin ta gama da mutum, kuma a gonar nan yara suna zagayawa.

Gwajin farko babu kaya, tarakta a sulo, muka bar kacar ta zaga muna tafiya gefenta muna saurare. Sai rabin kaya. Sai cikakke. Baba direba ne a sama, na roƙe shi ya riƙa sa PTO tun injin taraktar yana ƙasa-ƙasa sannan ya ƙara wuta, kuma mai fukafukai ya fara juyawa kafin a saki kacar daɓe. Don mu san nawa yake zubarwa muka shimfiɗa tamfol mai mita 2 da mita 2 a fili ya wuce ta kai, muka tattara abin da ya faɗa muka auna. Lissafin mai sauƙi ne, kilo ɗaya a murabba'in mita ɗaya daidai yake da tan 10 a hekta. A haƙori biyu mun samu kilo 2 da ɗan kai a tamfol ɗin, kusan tan 5 a hekta kenan, a haƙori uku ya haura 7. Alhaji ya zaɓi na biyu a filayen da suka sha taki bara, na uku a wani tudu da ƙasarsa ta gaji. Bayan lodi kaɗan mun sake ɗaure kacar don sabuwa tana ɗan saki a farkon aiki.

Notin nan mai laushi na bakin furofela ya karye a satin farko, Baba ya kira ni da kansa yace ɗana ya tafi fa, amma na sauka na duba, guntun turken ƙirya ne ya shiga fukafukai. Ya cire ya sa wani daga cikin waɗanda na bar masa a gwangwani, masu laushi daidai kauri, ya ci gaba. Masu lodi kuma an ce su riƙa tsince igiya da leda da duwatsu tun a garke, su fara zubawa daga gaban akwati su taho baya, kar a danna kaya a jikin fukafukai, kar kuma a kankaro har ƙasan garke inda yashi ya fi taki yawa. Wannan na ƙarshen har yanzu ana fama, don lebura da kwangilar lodi ake biyansa kuma yashi yana saurin cika akwati, na ba Alhaji shawara ya koma biyan yini. An gama watsawa ruwa ya sauka sau ɗaya ko biyu, filin ƙarshe an yi shi ƙasa da ɗan danshi. Da aka gama an wanke injin an shafa wa kacar mai an yi giris an tura shi ƙarƙashin rumfa. Abin da ya rage bamu taɓa ba shi ne boris ɗin ƙafar hagu da ya fara wasa, da tayoyin da gefensu ya tsattsage, da kuros ɗaya, wato gaɓar da furofela ke lanƙwasawa, da nake jin ɗan ƙara a jikinsa, mun ajiye su sai bayan girbi in an sayar da masara.